Farin Dutsen Amai

Mvurwi, Yuni 1994

Ƙanena Dzikamai,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Farisai da yaran. Da fatan ƙurar ramin dutsen nan na Karibib ba ta cika maka ƙirji ba. Ka riƙa ɗaure hanci, ƙane ɗaya gare ni, ba ni da na canji. Ni lafiya lau, ban da sanyin bana da ɗalibai masu barci ido buɗe. Na je gida Guruve ƙarshen wata. Mahaifiyarmu tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke damunta, kuma ka san Amai, ta ce kada in gaya maka.

Dutsen ya iso. Direban da ka ba wa ya sauke shi a ƙofar gidana na malamai, shi da ƙarti suna nishi kamar masu naƙuda. Tsayinsa ya kai ƙuguna. Fari ne fat, Dzikamai. Mu da muka tashi cikin baƙin dutse da kore, ban taɓa sanin dutse na iya riƙe haske a cikinsa ba. Na watsa masa ruwa da safe, na tsaya ina kallo har aka kaɗa ƙararrawar shiga aji.

Ka tambaya me malamar adabi za ta yi da farin dutsen nan, mabul. Gyara zama. Shekara arba'in Baba yana sassaƙa, Amai tana zaune a bayansa da kwanon ruwa da samfefa tana goge masa, har zanen yatsunta ya shafe. Turawa sun zo sun ɗauki hotonsa, sun sa sunansa a littattafai. Na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, ko a ƙasan shafi babu ita. A hoto guda ne aka ga gefen zaninta. Da ya rasu aka zauna rabon kaya, kana wurin, kana kallon takalmanka. Ƙanensa, Baba Ƙarami Munemo, ya ɗauki guduma da ƙarafan sassaƙa da rumfar aikin da duk sassaƙen da suka rage. Amai ta roƙi guda ɗaya, 'yar tsuntsuwar nan, sai ya ce, "Matar yaya, mace ba ta gadon dutse." Duwatsu ɗari nawa suka bi ta hannunta, yau ko na tokare ƙofa ba ta da shi.

To, zan sassaƙa mata nata. Ka san dokarsu: abin da ya fito daga ramin gida, ko wanda hannun mai rumfa ya yi wa aiki, na rumfa ne, a karce masa sunan gida a gindi a jera wa masu saye. Shi ya sa na ce dutsen ya zo daga wata ƙasa, shi ya sa na sayo ƙarafana sababbi a Harare. Na zana ta a zaune, ƙafafu a miƙe, kwano a cinya. Da farko na sunkuyar da kanta kamar yadda muka saba ganinta, sai na ji haushin kaina, na goge na ɗaga shi. Ranar Kirsimeti zan ba ta, a gaban dangi duka.

Kada ka tambaye ni inda na koya. Guduma Baba ya hana ni, bai hana ni ido ba.

Yayarka,
Sekesai


Karibib, Agusta 1994

Yaya Sekesai,

Muna gaishe ki da kyau. Yara lafiya, Farisai ma lafiya, sai dai ta yi nauyi, likita ya ce wajen Kirsimeti. Kin ga bana ba zan zo gida ba ke nan. Ki shafa mini gwiwar Amai, kada ki ce ni na ce.

Wasiƙarki a tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙare. Batun takalma kuwa, Yaya, sababbi ne a lokacin, kuma Baba Ƙarami murya gare shi. Ba kowa Allah ya ba harshenki ba. Da an raba mana shi biyu, da kowa ya wadata.

Na tambayi masu yankan dutse a nan. Sun ce mabul ya fi namu laushi amma ya fi saurin fushi. Kada ki kafa ƙarfe a tsaye ki doka, zai yi farin tabo can ciki wanda ba ya gogewa. Ki kwantar da ƙarfen, ki bi shi a hankali, yadda ba ki taɓa bin kowa ba.

Abin da ke damuna shi ne aikin zai yi miki yawa, ga makaranta. Fitar da siffa daban, gyaran ƙarshe daban, kuma shi ne mai cin lokaci. Wannan ki bar mini shi, na san yadda zan taimaka daga nan. Ina so ni ma a ce na yi wani abu.

Ƙanenki,
Dzikamai


Mvurwi, Oktoba 1994

Dzikamai,

Gaisuwa gare ku duka. Ka ce wa Farisai ta daina ɗaukar ruwa, kai ka ɗauka, ba za ka karye ba. Ni lafiya, sai dai tafin hannuna ya koma kamar na mai faskare, gashina kullum fari da gari. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce bugun guduma da yamma bai dace da malama ba. Na ce masa ya nuna mini shafin da aka rubuta haka in karanta wa ɗalibai. Har yau yana nema.

Fuskar ta fito! Ina cikin share gefen kumatu maƙwabciyata Mai Tarisai ta leƙo ta katanga, ta saki tsintsiya ta ce, "Ke Malama! Wannan ai tsohuwarki ce, har da harararta!" Na ajiye guduma na yi rawa a tsakar gida, ni kaɗai, da ƙura a gira. Ka tuna yadda Amai ke tsuke baki in baƙo ya yaba wa Baba santsin dutse? Shi na kama. Kafaɗu sun fito, ɗankwali ya fito, ƙafafu ma.

Hannuwa ne ban taɓa ba tukuna. Na bar musu dunƙulen dutse babba a cinya, su da kwanon, don tsoronsu nake ji. Na je gida na zauna ina shafa mata man zafi, ina juya yatsun ina haddace su: ɗan manunin da ya karkace, babban yatsan da ya baje. Ta janye ta ce, "Ke, duba za ki yi mini? In miji kike gani a ciki, ki ce masa na gaji."

Ka ce in bar maka gyaran ƙarshe. Madalla, ka fara hankali. Ka aiko mini duwatsun gogen da kuke amfani da su can, da garin da ke sa shi sheƙi, ta hannun direban nan kafin Disamba. Wata mai zuwa zan tafi Harare duba takardun jarrabawa, makulli yana wurin Mai Tarisai, a ba ta saƙon.

Yayarka,
Sekesai


Karibib, Nuwamba 1994

Yaya,

Lafiya muke. Ki karanta wannan kafin ki cire takalmi.

Ba duwatsun goge nake nufi ba. Baba Ƙarami na rubuta wa tun Satumba, na ce kin fara wani aiki, ya je ya ƙarasa miki yadda suke yi da Baba. Na ɗauka in ya sa hannu a kyautar Amai zuciyarsa za ta yi taushi, ku shirya. Batun dokar rumfa na san kin faɗa, na ɗauka ba zai yi wa 'yar wansa haka ba.

Ga abin da ya fi muni. Jiya ina ba wani tsohon mai yanka labarin yadda muke gasa dutse a wuta mu shafa masa kakin zuma ya yi baƙi yana ƙyalli, sai ya riƙe kai. Ya ce mabul ba ya shan wuta, fashewa yake ya koma gari. Yaya, kada ki bari ya hura wuta kusa da shi. Na ba direba wannan da hannu don ya fi sauri.

Dzikamai


Mvurwi, Disamba 1994

Dzikamai,

Lafiyata lau, tun da al'ada ce a faɗa. Ina fatan Farisai da yara suna lafiya. Kai kuma ban tambaya ba.

Wasiƙarka ta gaggawa ta iso bayan na dawo, motar direban ta lalace a hanya. Na karanta ta a tsakar gida, ina tsaye a kan toka.

Ga abin da taimakonka ya yi. Baba Ƙarami ya zo ina Harare, ya nuna wa Mai Tarisai takardarka, da rubutunka da sa hannunka. Me za ta ce? Ta buɗe masa. Ya sa aka jawo siffar Amai waje. Abu na farko da ya yi, ya kwantar da ita ya karce sunan gida a gindi. Sannan ya tara itace ya kewaye ta ya kunna, kamar yadda ya yi wa baƙin dutse tun yana saurayi. Mai Tarisai ta ce masa, "Baba, ko a jira Malama?" Ya ce, "Malama alli ta sani, ni dutse na sani." To, alli kuwa ya mayar da shi. Ya fara goga kaki sai aka ji ƙara kamar bindiga. Kan ya tsinke daga wuya ya faɗa cikin garwashi. Kafaɗa ta tsage. Fuskar da na yi wata uku ina nema, na taɓa ta da yatsa ta zube kamar sukari. Inda bai ƙone ba kakin ya shige shi ya yi rawaya kamar haƙorin mai taba.

Na karanta cewa a zamanin da, mutane sun riƙa farfasa mutum-mutumin magabatansu na mabul suna ƙonawa don su sami farar ƙasar shafe bango. Ina karantawa ina cewa waɗannan wane irin mutane ne. Ashe danginmu ne.

Ya dawo ranar Asabar, ko kunya babu. Ya zauna a kujerata ya ce, "'Yata, dutsen banza ɗan'uwanki ya aiko miki, ba shi da zuciya. Dutsen kirki wuta ƙara masa kyau take." Na ce, "Baba Ƙarami, ƙwai ma ba shi da zuciya, tun da ba a daka shi a turmi kamar masara." Ya ce bakina ne ya hana ni zaman aure. Na ce bakina bai taɓa cire wa uwar kowa kai ba. Sai ya miƙe ya kaɗe wando ya ce tun da hannunsa ya yi aiki a kai kuma sunan gida yana jiki, abin da ya rage na rumfa ne, zai aiko da amalanke.

Na raka shi har ƙofa yadda aka koya mana. Da ya tafi na ɗauko guduma, ban san ko farfasa sauran zan yi ba. Na ƙwanƙwasa kafaɗa, ta amsa kamar busasshiyar laka. Na ƙwanƙwasa ƙafa, haka. Na ƙwanƙwasa dunƙulen nan na cinya da na ji tsoron taɓawa, sai ya yi ƙara siririya kamar ƙararrawa. Wutar ba ta kai cikinsa ba.

Fatarsa kawai ya taɓa, Dzikamai. Zan fere duk inda hannunsa ya sauka, da sunan da kakin da ƙunar, in tara masa a amalankensa. Abin da ke ciki ba wanda ya taɓa gani, balle ya ce nasa ne. Kwanakin da suka rage kaɗan ne. Kada ka rubuto mini, kada ka taimaka mini. In ka ji sha'awar taimako ta taso maka, ka je ka wanke wa matarka kaya.

Sekesai


Karibib, ƙarshen Disamba 1994

Yaya Sekesai,

Na san kin ce kada in rubuto. Farisai ta sauka lafiya, mace ce, kuma tun da ta zo take faɗa da kowa, ba sai na faɗi wadda ta biyo ba. Na wanke kaya har hannuna ya yi fari.

Ban ji komai daga gida ba. Kirsimeti ta wuce ina zaune ina tunanin ko kin je hannu wofi, ko ba ki je ba sam, ko amalanken ya riga ki. Ki zage ni shafi goma in kina so, amma ki gaya mini abin da ya faru.

Ƙanenki mai laifi,
Dzikamai


Mvurwi, Janairu 1995

Ƙanena Dzikamai,

Barka da arziki. Ka gaida Farisai, ka ce mata ta yi ƙoƙari. Jaririyar kuma ku bar ta ta yi faɗanta, za ta buƙace shi. Ni lafiya, Amai lafiya, kowa lafiya, har Baba Ƙarami, ko da yake shi abinci bai zauna masa daidai ba ranar Kirsimeti. Na bar ka cikin duhu da gangan. Yanzu na huce rabi, ga labari.

Amalanken ya zo, na cika shi da ƙonannen dutse da gindin mai ɗauke da sunan gida, na ce a gaida mai rumfa. Abin da ya rage mini bai fi babbar kabewa ba. Na zauna a gabansa na ga ba wurin kai, ba wurin kafaɗa, ba wurin kwano ma. Sai na sassaƙa hannuwan kaɗai, daga wuyan hannu, a haɗe, tafi a buɗe kamar mai ɗiban ruwa. Ɗan manunin da ya karkace yana nan, babban yatsan da ya baje yana nan. Kan yatsun na bar su sumul, ba zane ko ɗaya, yadda nata suke. Ba wuta, ba kaki: ruwa da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya fara ɗaukar hasken rana yana mayarwa. A nan na gane abin da bayanta ya sha. Na naɗe shi a bargo na rungume a bas har Guruve, kwandasta yana tambaya ko jaririn ba ya jin zafi.

Bayan coci aka taru a gindin bishiya, an yanka akuya, ga shinkafa da kaji, dangin Baba sun cika benci. Na jira aka ci aka ƙoshi, don mai yunwa ba ya gani. Sannan na durƙusa gaban Amai na tafa hannu na gaishe ta, na ajiye, na yaye bargon.

Amai ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora hannuwanta a ciki, yatsa kan yatsa, suka zauna daram. Ta ce, "Ashe duban da kika yi mini ke nan, munafuka."

Sai Baba Ƙarami ya yi gyaran murya. "Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Jini ba ya ɓuya. Gobe a kai shi rumfa." Na ce, "Wace rumfa? Naka na aika maka a amalanke." Ya ce ɗan gidan nan ne ya aiko da dutsen, shi kuma mai rumfa ya fara yi masa aiki, da takarda a hannunsa, don haka ciki da waje duk ɗaya ne. Ya zaro takardarka daga aljihu, Dzikamai, ya ɗaga ta sama. Na ga tsofaffin suna gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, "Maganar Munemo tana kan hanya." Na miƙe, jawabi cike da bakina, wanda na shirya tun daga Mvurwi, kuma na san ko na yi shi ba zai ci su ba, don a bencin nan ba a taɓa kayar da namiji da magana ba.

Amai ta ce, "Zauna." Ni ta ce wa. Ta dafa ƙasa ta tashi da gwiwar nan, ta sunkuya ta ɗauki dutsen ita kaɗai ta rungume a ƙirji, ta ratsa tsakiyar maza ba ta kalli kowa ba, ta shige ɗakin girkinta. Muna hangenta ta ƙofa. Ta matsar da tukwane a kan dandamalin da take jera su, ta zaunar da shi a tsakiyarsu, ta kwance ƙullin irin gujiyarta ta zazzage a cikin tafin hannuwan har ya cika. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗe zani.

"Ƙanen miji," ta ce, "ga shi can cikin tukwanena, mazubin irina ne. Shiga ka ɗauka."

Kai ma ka san babu ɗan gidan miji da zai taɓa kayan girkin uwa. Na danginta ne, kuma wanda ya ɗauki ko ludayi ba da yardarta ba, fushinta zai bi 'ya'yansa bayan ta kwanta dama. Baba Ƙarami ya dubi ƙofar, ya dubi tsofaffin, su kuma kowa ya sami abin dubawa a cikin kwanonsa. Ya ninke takardarka a hankali ya mayar aljihu. Ya ce, "Da ma rumfar ta cika, ba wurin ajiya." Gwaggo Marwei, ƙanwarsa ta ciki ɗaya, ita ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, har karnuka suka tsorata. Na yi rawa, Dzikamai, da takalman coci, har dunduniya ɗaya ta cire.

Jawabina yana nan ban yi amfani da shi ba. Zan ajiye maka shi sai ka zo.

Ranar da zan dawo na shiga ɗakin girkin yin sallama. Na tarar ta kwashe gujiyar tana goge dutsen da gefen zaninta. Na hangi wani ɗan wuri a wuyan hannun hagu da ban gama gogewa ba, na miƙa yatsa in nuna mata. Ta doke mini hannu kamar ina 'yar shekara biyar.

"Kul," ta ce. "Nawa ne."

Yayarka,
Sekesai